Idan Tsohon Gida Ya Fara Gigin Tsufa: Yadda Ake Gane Cutar da Yadda Ake Zama da Mai Ita

Da wuya ka shiga wata unguwa a birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ba ka ji labarin wani tsoho ko wata tsohuwa da ake cewa gigin tsufa ya kama ba. Da zarar an faɗi haka sai a ɗauka magana ta ƙare, tamkar dai rikicewar hankali zango ne da duk wanda ya yi tsawon rai sai ya yada shi, kamar furfura ko zubewar haƙora. A wurin likitoci kuwa, abin da muke kira gigin tsufa, wanda a asibiti ake ce wa dimenshiya, cuta ce da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma akasarin tsofaffi har Allah ya karɓi ransu ba ta kama su. Wanda ya taɓa zama gaban dattijon malamin zaure yana jan baƙi da ka, yana gyara wa ɗalibi wasali, ya san cewa shekaru kaɗai ba su ɗauke hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, ana samun sababbin masu ita kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki irin namu. A nan Zariya ma an taɓa bin gidaje aka binciki tsofaffi 322, aka wallafa sakamakon a shekarar 2011, inda aka sami kusan kashi 3 cikin 100 suna da cutar. Adadin bai yi kama da mai yawa ba, amma gidan da abin ya faɗa wa ya san nauyinsa, domin jinya ce ta shekaru.

Mantuwar tsufa da mantuwar cuta

Abu na farko shi ne a daina tsorata da kowace irin mantuwa. Tsohon da ya manta inda ya ajiye carbinsa, ko sunan wani jika ya kwanta masa sannan ya tuno bayan ɗan lokaci, ko ya shiga ɗaki ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo shi, wannan yana cikin abin da ke samun kowa, har matasa. Ma'aunin da ya kamata iyali su riƙe shi ne ko mantuwar ta fara hana mutum abin da ya saba yi da kansa shekara da shekaru. Hajiyar da ta yi shekara 50 tana tuƙa tuwo sai ga ta ta zuba gishiri sau uku a miya, ko ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone, kuma abin yana maimaituwa. Alhajin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar Sabon Gari yana lissafi da ka sai ga shi ya kasa bayar da canjin naira dubu. Mutum ya fito daga masallacin unguwar da aka haife shi ya rasa lungun da zai bi ya koma gida. Ya yi tambaya, a ba shi amsa, bayan minti biyar ya sake yin ta kamar bai taɓa yi ba. Ya ci abinci ya ƙoshi, sannan ya gaya wa baƙo cewa tun safe ba a ba shi komai ba.

Abin da ke yaudarar iyali shi ne yadda tsohon yake tuna abubuwan da suka wuce da daɗewa. Zai ba ka labarin zamanin Sardauna, ya faɗi sunayen abokan da suka yi karatun allo tare, ya kawo farashin buhun dawa na wancan lokaci, sai 'ya'yansa su ce ai wanda yake tuna waɗannan ba abin da ya sami hankalinsa, da gangan yake yi. Haka cutar take tafiya. Sashen ƙwaƙwalwa da ke adana sababbin abubuwa shi ne yake fara lalacewa a nau'in da ya fi yawa, don haka abin da ya faru jiya yake ɓacewa, abin da ya faru shekara 60 da suka wuce kuma yana nan daram har sai cutar ta yi nisa.

Akwai kuma alamomin da ba mantuwa ba ce ke bayyana su: mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai kunya ya fara ɗanyen zance a gaban surukai, mai tsafta ya ƙi wanka, mai son jama'a ya daina fita zaure, ko kuwa kalmomi su riƙa kuɓuce masa har ya ce "abin nan na zuba ruwa" yana nufin buta.

Ruɗewar dare ɗaya daban ce

Wannan batu ya fi sauran gaggawa, don haka na gabatar da shi. Gigin tsufa yana shigowa ne cikin watanni da shekaru, har iyali su kasa faɗin ranar da ya fara. Idan kuwa tsohon da jiya yake garau ya wayi gari yana sambatu, bai san inda yake ba, yana fizge-fizge ko kuma yana ta barci ba ya farkawa sosai, to a ɗauka wata cuta ce ta taso a jikinsa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyin mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki musamman a zafin watan Maris da Afrilu, faɗuwar suga ga mai shan maganin ciwon suga, duk suna kawo haka, kuma tsoho yana iya kamuwa da su jikinsa bai ko yi zafi ba. Irin wannan ba a kwana da shi a gida. Haka nan idan baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe guda suka yi nauyi, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma kowace sa'a da aka ɓata tana da tsada. A kuma tuna ko tsohon ya faɗi ya bugi kansa a makonnin baya, ko da bai ji rauni a fili ba, domin jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai ya danne ƙwaƙwalwa, kuma aikin tiyata yana warkar da shi.

Cutar ba iri ɗaya ba ce

Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda ta ci sunan likitan Jamus Alois Alzheimer da ya fara bayyana ta a 1906, bayan ya yi jinyar wata mata da ta fara rikicewa tun tana da kimanin shekara 50. Ita ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa, kuma tana faruwa ne sa'ad da wasu gurɓatattun sinadarai suka taru a ciki da tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har suka kashe su. Na biyu shi ne wanda ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jini, kuma shi ya kamata ya fi damun mu, ganin yadda hawan jini da ciwon suga suka yi mana katutu, mutane kuma suna shan magani na mako biyu su ajiye da zarar sun ji sauƙi. Wannan nau'in yakan tafi ne kamar saukar matakala: mutum ya yi watanni a hali ɗaya, sai ya ƙara faɗawa ƙasa bayan wata ƙaramar toshewar jijiya da ba wanda ya lura da ita.

Akwai nau'i na uku da ake kira na Lewy, wanda mai shi yake ganin mutane ko yara ko dabbobi a cikin ɗaki ƙuru-ƙuru alhali babu su, jikinsa yana sandarewa, tafiyarsa tana zama ta jan ƙafa, yau ya yi garau gobe ya rikice. Ba sai an faɗa ba, a wurinmu wannan shi ne wanda aka fi saurin jingina wa aljanu. Na huɗu yana kama gaban ƙwaƙwalwa, ya kan fara tun mutum yana tsakanin shekara 45 da 65, kuma hali da kunya yake fara ɓatawa kafin tunani.

Yadda za a je asibiti

A fara da asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, daga nan a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Iyalai da yawa suna jin nauyin a ce an kai mahaifinsu wurin likitan ƙwaƙwalwa, don kada a ce ya haukace, kuma wannan jin nauyin yana cin watanni masu amfani. Idan tsohon ya ƙi zuwa, a ce masa za a je awon hawan jini ne, wanda kuma lalle za a auna.

Wanda zai raka shi ya zama mutumin da suke kwana gida ɗaya, domin rabin binciken likita yana kan abin da ɗan rakiya zai faɗa. Babban ɗa da ya zo daga Abuja ranar Juma'a ba zai san abin da matar ƙaninsa ta sani ba. Kafin ranar a rubuta yaushe aka fara lura da canji, me tsohon ya daina iyawa, yaya barcinsa, ko yana riƙe fitsari. A zuba duk magungunan da yake sha a leda guda a tafi da su, har na kemis da na gargajiya, saboda wasu magungunan barci irin su diazepam da na mura irin su Piriton suna ƙara wa tsoho ruɗewa. Abubuwan da za su kunyata shi a faɗa wa likita a gefe.

Likita zai yi masa tambayoyin gwada tunani. A sanar da likitan tun farko idan karatun allo tsohon ya yi, ko da watan Musulunci yake lissafi, ko ba ya ji sosai, don kada a ɗauki rashin sabo da tambaya a matsayin cuta. Za a kuma auna jini, domin akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa amma suna warkewa: ƙarancin bitamin B12, wanda kan sami waɗanda suka daɗe suna shan maganin ciwon suga na metformin, da raunin halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, da kuma ciwon damuwa mai tsanani, wanda kan kama tsoho bayan rasuwar abokin zama. Wani lokaci a nemi hoton ƙwaƙwalwa.

Idan aka tabbatar cutar ce, gaskiyar magana ita ce har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Akwai donepezil da memantine da makamantansu, waɗanda kan sassauta alamomi na wani lokaci ga wasu, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai dawo da tunanin tsoho cikin kwana arba'in, kuɗinku yake nema. Abin da ke da tabbataccen amfani shi ne riƙe maganin hawan jini da na suga ba fashi, cire yanar ido idan akwai, da gyara ji, domin tsohon da ba ya gani ba ya ji ya fi saurin nutsewa cikin ruɗu. Kada kuma a je kemis a sayo maganin da zai kwantar da shi don a huta, musamman ga mai nau'in Lewy, wanda magunguna irin su haloperidol suke iya yi wa mummunar illa.

Yadda ake magana da shi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mai wannan cuta ba zai iya dawowa inda kuke ba, don haka gardama da shi ɓata lokaci ne da tayar da hankali. Zai manta abin da aka yi musu a kai, amma ɓacin ran zai zauna masa har dare. A zo masa ta gaba, a durƙusa yadda aka saba, a yi sallama, a faɗi suna: "Baba, ni ne ƙaramin ɗanku, na kawo muku kunu." A guji tambayar "Kun gane ni?" da 'yan dubiya suke yi, domin jarrabawa ce da ke kunyata shi. A yi magana ɗaya a lokaci ɗaya, a jira amsa, kuma maimakon a ce me za ku ci, a ce fura ko kunu.

Idan tsohuwa ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida alhali a ɗakinta take, gidan iyayenta take nufi, na ƙuruciyarta. Cewa "Ai nan ne gidanki" ba ya gamsar da ita. Ya fi a ce, "To Inna, bari a sha ruwa rana ta yi sanyi. Wai a gidan naku wa ya fi iya dambu?" Sau da yawa labarin zai ɗauke ta har ta kwance ƙullin. Idan ta tambayi mijinta da ya rasu shekara 20 da suka wuce, sanar da ita rasuwar kowace rana sabuwar ta'aziyya ce ake ɗora mata. Ba sai an yi ƙarya ba, ana iya cewa, "Kuna tunaninsa ko? Allah ya saka masa da alheri, ku ba ni labarin zuwansa Makka."

Zargin sata shi ne ya fi raba kan iyali. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta, ƙwaƙwalwarta kuma ta cike gurbin da cewa an sace, kuma kusan kullum wadda ta fi kusa da ita ake zargi, wato suruka ko jikar da ke yi mata hidima. Wajibi ne maigida ya tara 'yan'uwansa ya bayyana musu cewa wannan alamar cuta ce, tun kafin aure ya mutu a kan abin da bai faru ba. Ita kuwa tsohuwar a ce mata, "Bari mu duba tare," a kuma san wuraren da ta saba ɓoye kaya.

Masu jinya za su lura cewa rikicewar tana ƙaruwa daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Likitoci a ko'ina cikin duniya sun san wannan, kuma gajiya da raguwar haske da hayaniyar gida a lokacin suna da hannu a ciki. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage ƙarar talabijin da guje-gujen yara, a hana shi dogon barcin rana, a fito da shi ya sha hantsi da safe.

Gyaran gida da unguwa

A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo. A ɗauke fiya-fiya da kalanzir da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a raba shi da kunna gas ko risho shi kaɗai, kuma a lokacin hunturu kada a bar masa kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. A bar fitila a hanyar banɗaki, ko a ajiye masa fo kusa da gado, a riƙa kai shi kewayawa bayan kowace sa'a biyu ko uku tun kafin ya nema. Kada a sauya masa ɗaki ko a riƙa zagayawa da shi gidajen 'ya'ya, wata guda a Tudun Wada wata guda a Samaru, da sunan adalci, domin kowane sabon wuri sabon ruɗu ne.

Saboda ficewa, a ɗinka lambar wayar wani daga cikin 'ya'yansa a cikin rigunansa, a ajiye sabon hotonsa a waya, a sanar da mai unguwa da liman da masu shagunan bakin layi da 'yan acaɓar da ke tsayawa kusa. Ɓoye lalurar ba ta da wata fa'ida. Tsohuwar da ta fita da dare ba mayafi aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu tana cikin haɗarin a kira ta mayya, kuma an sha dukan irin waɗannan bayin Allah a sassan ƙasar nan. Inda aka san ta kuwa, hannunta za a kama a dawo da ita. Ɗaure tsoho ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai zalunci ne, kuma yana ƙara masa firgici. Ƙararrawa a jikin ƙyauren zaure ta fi.

Game da ibada, Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a aya ta 70 ta Suratun Nahli, inda ya yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da. Malamai sun yi bayani cewa hankali sharaɗi ne na wajabcin ibada, don haka kada a tsangwami tsohon da ya yi azahar raka'a shida ko ya maimaita la'asar, kuma kada a tilasta masa azumi. A tambayi malami hukuncin da ya dace da matakin da yake. Addu'a da tofi ba su hana zuwa Shika, kuma karatun da ya haddace tun yana yaro yakan zauna masa bayan sunayen 'ya'yansa sun tafi, har ka ga ya natsu idan aka ja masa sura yana bi.

Dukiya da mai jinya

Tun yana da sauran fahimta a zauna da shi a gaban shaidu a rubuta basussukan da ake bin sa da waɗanda yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, da inda takardun gida da gona suke, da wasiyyarsa idan yana da ita. A amince da mutum ɗaya ya riƙe katin banki da harkar fansho, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin 'yan damfara ta waya, har ma da wasu na jiki, suna cin moriyar irin wannan rauni.

A yawancin gidajenmu jinyar tana ƙarewa ne a kan mace ɗaya, sauran kuma su aiko kuɗi ta waya su ɗauka sun sauke nauyi. Wadda ba ta yi barcin kirki ba tsawon watanni za ta fara tsawa, daga baya ta yi kuka don ta yi tsawa, kuma ita ma hawan jini yana jiran ta. A tsara kwanaki a rubuce, kowa ya san daren da zai kwana, a ba ta aƙalla yini guda a mako ta fita harkarta, maza kuma su ɗauki wankan mahaifinsu da kai shi kewayawa da kansu.

Idan cutar ta kai matakin kwanciya, a riƙa juya shi bayan kowace sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya a ƙugu da diddige, a tsane fatarsa a shafa mai bayan kowane canjin ƙunzugu. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi mai laushi da kauri kamar kunun gyaɗa ko fate da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, kuma kada a kwantar da shi sai bayan rabin sa'a. Idan ya fara ƙwarewa da tari duk lokacin da ya sha ruwa, a koma wurin likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska yana sauka a huhu ya zama ciwon huhu.